Yadda Ake Tarawa da Tantance Tsofaffin Sulallan Azurfa na Rumawa

Duk wanda ya taɓa zaman tafsiri a watan azumi, a cikin Birnin Zariya ne ko a Tudun Wada, ya ji labarin samarin nan da suka yi barci a kogo, waɗanda da suka farka suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa domin ya sayo abinci. Alƙur'ani, a aya ta 19 ta Suratul Kahfi, azurfar kawai ya ambata, amma malaman tafsiri sun ƙara bayani cewa kuɗin ne ya tona asirin ɗan aiken, saboda mai sayar da abincin ya juya shi ya ga bugun wani sarki ne da ya daɗe da shuɗewa, wanda suke kira Dakyanus. Masana tarihi suna ganin wannan suna na Desiyus ne, Ƙaisar ɗin Rum da ya yi mulki daga 249 zuwa 251 Miladiyya. Sulallan azurfar da aka buga da sunansa suna nan har yau da yawan gaske, kuma ba su cikin masu tsada. Abin da mai abincin nan ya yi, wato ya dubi kan sarki, ya lura da suna, ya gwada da abin da ya sani, shi ne ginshiƙin aikin da zan yi bayani a nan, sai dai mu muna da sikeli da kundaye da intanet.

Kuɗin Rumawa ya fi kusa da bakinmu fiye da yadda muke zato. Babban sulensu na azurfa sunansa denariyus, daga gare shi Larabawa suka samo kalmar dinar, masana harshe kuma suna mayar da kalmarmu ta zinariya zuwa ga dinar ɗin nan. Dattawan da suka yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 suna tuna cewa sisi ana rubuta shi 6d, taro kuma 3d, kuma harafin d ɗin nan farkon kalmar denariyus ne da Turawan Ingila suka gada suka kawo mana.

Sunan ya iso mu, amma mulkin Rumawa bai iso ba, kuma wannan shi ne abu na farko da mai niyyar tarawa zai riƙe. Iyakarsu a Afirka ita ce Masar da gaɓar arewa, inda Libiya da Tunisiya da Aljeriya da Maroko suke a yau. Kayansu sun ɗan kutsa Sahara ta hannun fatake, har an samu tambarin kuɗin Sarki Kustantin a kabarin Tin Hinan da ke Abalessa a kudancin Aljeriya, amma tsakanin can da ƙasar Zazzau akwai tafiya mai nisa. Saboda haka idan wani ya tare ka a Sabon Gari ko a Samaru da labarin tukunyar kuɗin Rumawa da aka tono a gona, ka ɗauki labarin da nauyin da ya dace da shi. Duk sulen Rum na gaske da ke Zariya hannu ne ya kawo shi a zamaninmu, kuma haƙƙinka ne ka san hannun.

Abin da ya fi rikita mutane a nan shi ne tsofaffin kuɗin Turawa masu rubutun Latin. Babbar kwandalar Mariya Teresa, wadda fatake suka daɗe suna shigowa da ita kuma maƙeran fari suke narkarwa su yi mundaye da zobba, tana ɗauke da haruffan R IMP, amma ta Ostiriya ce, nauyinta giram 28, faɗinta kusan milimita 40, kuma an ci gaba da buga ta da shekarar 1780 tsawon zamani bayan rasuwar mai hoton. Haka sulallan Sarki Joji na Biyar na Ingila suna da IND IMP a jikinsu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kuɗin Rumawa ba ya ɗauke da shekara da lambobi irin waɗanda muke rubutawa, ba ya fita da'ira sak kamar na inji, kuma denariyus ƙarami ne, bai fi faɗin farcen babban yatsa da yawa ba.

Kayan aiki

Kafin ka sayi sule ko ɗaya, ka sayi sikeli irin na masu cinikin gwal, wanda yake nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, tare da ɗan dutsen awon da ake gwada daidaitonsa. Ka nemi madubi mai ƙara girman abu sau goma, da ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na makanikai, wanda aka yi da roba domin na ƙarfe yana karce azurfa, da ƙaramin maganaɗisu, da littafin rubutu mai kauri. Fitilar waya ta isa wajen haske, muddin za ka riƙe ta daga gefe yadda inuwa za ta fito da haruffan da suka side. Ka riƙa aiki a kan kyalle mai laushi, ka kama sule ta gefensa da hannu mai tsabta, domin tsohuwar azurfa takan yi gautsi a cikin ƙasa, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya raba ta biyu.

Awo kafin karatu

Nauyi da faɗi su ne shaidar farko, saboda tarihin denariyus tarihi ne na raguwa sannu a hankali. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, lokacin da Rum take yaƙi da Hannibal na Kartaj, da nauyin kusan giram 4.5 na azurfa mai kyau. A zamanin Agustus, wanda ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya, ya tsaya a kusan giram 3.9. A shekara ta 64 Nero ya rage shi zuwa kusan giram 3.4, ya kuma ƙara masa jan ƙarfe kaɗan. Sarakunan bayansa sun bi wannan hanya duk lokacin da albashin soja ya fi ƙarfin baitulmali, har zuwa zamanin Septimiyus Seberus, ɗan garin Leptis Magna na Libiya wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, inda azurfar ta koma kusan rabi. Faɗin denariyus yakan kasance tsakanin milimita 17 da 20. Domin ka san darajar abin da ke tafin hannunka, sojan Rum a zamanin Agustus denariyus 225 yake karɓa a shekara, Domishiyan kuma ya ɗaga albashin zuwa 300.

A shekara ta 215 Karakalla ya fito da wani sabon sule da masana suke kira antoniniyanus, wanda ake ganin an ɗora masa darajar denariyus biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne, wato kusan giram 5. Gane shi ba wuya: sarki yana sanye da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, maimakon rawanin ganye da ke kan denariyus, idan kuma hoton matar sarki ne za ka ga kafaɗunta a kan jinjirin wata. Wannan ne irin kuɗin Desiyus da na ambata a farko. Bayan Gordiyan na Uku, mai mulki daga 238 zuwa 244, an daina buga denariyus da yawa, antoniniyanus kuma ya ci gaba da lalacewa har a ƙarshen mulkin Galiyenus, wajen 268, ya zama tagulla da aka shafa wa azurfa a sama, azurfar cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Irin wannan ba jabu ba ne, hukuma ce ta buga shi haka.

Azurfa ta gaske ta dawo da gyaran kuɗi da Sarki Diyokleshiyan ya yi wajen 294, daga baya kuma a ƙarni na huɗu aka samu silikwa, siririya mai nauyin kusan giram 2 bayan an rage ta. A kanta sunan sarki yana farawa da D N, a ƙasan bayanta kuma akwai alamar garin da aka buga ta: TR na Tiriya a Jamus ta yau, MD na Milan, LVG na Liyon, ANT na Antakiya. Da yawa daga cikin silikwa da aka samu a Ingila an yanke musu gefe tun a wancan zamani domin a ci azurfar, saboda haka rashin cikar nauyinsu ba abin mamaki ba ne.

Ka tuna cewa sulen da ya sha hannu yakan rasa ɗan nauyi, wanda kuma ya daɗe a ƙasa mai laima jan ƙarfen cikinsa yakan zube. Denariyus na Trajan mai giram 3.1 ba shi da laifi. Wanda ya nuna giram 2.2 ko 4.6 shi ne yake neman bayani.

Karanta gefen kan sarki

A nan ne daɗin aikin yake, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ɓata lokacinsa. Rubutun da ya kewaye kan sarki kirari ne da aka taƙaita, kamar yadda za a jera sunan basarake da na mahaifinsa da sarautun da ya riƙe da yaƙoƙin da ya ci, sai dai an yanke kowace kalma zuwa haruffa biyu ko uku kuma sau da yawa ba a bar fili tsakaninsu ba. Galibi ana farawa daga ƙasa ta hagu a bi yadda hannun agogo yake juyawa, ko da yake wasu na ƙarni na farko suna bin akasin haka. Harafin V yana tsayawa a madadin U, harafin I kuma a madadin J, shi ya sa za ka ga IVLIA inda kake tsammanin Juliya.

Kalmomin da ke maimaituwa ba su da yawa, kuma mako guda ya isa a haddace su. IMP laƙabi ne na kwamandan da rundunarsa ta yi wa kirarin nasara. CAES ko CAESAR shi ne Ƙaisar, wanda daga baya ya zama laƙabin mai jiran gado idan ya zo ba tare da AVG ba. AVG shi ne Agustus, laƙabin sarki mai ci, idan kuma ka ga AVGG da G biyu to sarakuna biyu ne suke mulki tare. P M shugabancin al'amuran bautarsu ne, P P uban ƙasa, F kuma yakan nufi ɗan wane idan ya biyo sunan mahaifi. GERM da DAC da PARTH da BRIT sunayen al'ummomin da aka ci da yaƙi ne. DIVVS ko DIVA yana nuna mai hoton ya riga ya mutu lokacin da aka buga sulen, magajinsa ne ya buga domin girmama shi.

Biyu daga cikin kalmomin su ne suke ba da shekara. COS muƙamin konsul ne, wato wata babbar sarautar Rum da ake naɗawa shekara-shekara, lambar da ta biyo shi tana faɗin sau nawa sarki ya riƙe shi. TR P iko ne da ake sabuntawa kowace shekara, saboda haka lambarsa kamar ƙidayar shekarun sarauta ce. Ɗauki misalin denariyus mai rubutun IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P, wanda bayansa yake cewa S P Q R OPTIMO PRINCIPI. Sunan Trajan ne, mai mulki daga 98 zuwa 117. DAC ya nuna an riga an yi yaƙin Dasiya, inda Romaniya take a yau. Ya riƙe konsul karo na biyar a 103, karo na shida kuma a 112, saboda haka sulen ya faɗa tsakanin 103 da 111. Idan akwai lambar TR P abin ya fi matsewa: sulen Markus Aureliyus mai TR P XX an buga shi tsakanin Disamban 165 da Disamban 166. Ni a wurina, a ce abu ya kwana shekara kusan dubu biyu sannan mutum ya zauna a ɗakinsa a Zariya ya faɗi shekarar da aka ƙera shi, wannan kaɗai ya isa dalilin shiga harkar.

Akwai tarko guda da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa, wato sunan ANTONINVS. Antoninus Piyus ya yi amfani da shi, Markus Aureliyus ya yi, Komodus ya yi, haka Karakalla da Elagabalus, waɗanda sunayen da muke kiransu da su laƙabi ne da ba za ka taɓa gani a kan kuɗinsu ba. Dattijo mai gemu da rubutun ANTONINVS AVG PIVS P P shi ne Antoninus Piyus na 138 zuwa 161. Yaro ko saurayi mai rubutun ANTONINVS PIVS AVG kuwa Karakalla ne, in kuma IMP ya gabaci wannan rubutu to ka fi karkata ga Elagabalus na 218 zuwa 222. Sauyin wurin kalma ɗaya ya kawo tazarar shekara arba'in ko fiye.

Idan rubutu ya side, fuska ce za ta taimake ka, domin masu sassaƙa hatimin Rum ba su cika ɓoye kamannin sarki ba. Nero na ƙarshen mulki yana da kaurin wuya da haɓa biyu, Bespasiyan tsoho ne mai tamojin goshi, Nerba yana da dogon hanci mai lanƙwasa, Maksiminus kuma haɓarsa ta turo gaba ƙwarai. Hadriyan, na 117 zuwa 138, shi ne ya fara yayin cikakken gemu, saboda haka gemu irin wannan yana nuna daga zamaninsa ne zuwa gaba. Matan sarakuna ana bambanta su da gyaran gashi, kamar Juliya Domna 'yar garin Hims na Sham, wadda gashinta yake saukowa layi-layi ya rufe kunne.

Sulallan zamanin Jamhuriya, kafin sarakuna, tsarinsu daban ne. Na farko-farko suna da kan mace mai hular yaƙi, wadda take wakiltar birnin Rum, da alamar X mai nufin goma, a baya kuma mahaya biyu da kalmar ROMA. Sunan da za ka gani na jami'in gidan buga kuɗi ne na wannan shekarar, ba na shugaba ba. Yuliyus Ƙaisar ne ya karya al'ada a shekara ta 44 kafin Miladiyya, ya sa fuskarsa a kuɗin birnin Rum yana raye. Idan kuma ka ga rubutun Girkanci tare da kan sarkin Rum, to bugun lardunan gabas ne, kamar Iskandariya ko Antakiya, kuma kundayensu daban suke.

Bayan sule

Baya shi ne allon sanarwar gwamnati. Yawancin siffofin da ke kai kyawawan halaye ne da aka zana a siffar mutum, kuma ana gane su da abin da suka riƙe: mai fukafukai da rawanin ganye nasara ce, mai sikeli adalcin awo, mai reshen zaitun zaman lafiya, mai ciyar da maciji ƙoshin lafiya, mai zangarniya da mudu kuma wadatar hatsi. Wasu siffofin na abubuwan bautarsu ne, kuma mai tarawa yana kallonsu a matsayin shaidar tarihi. Tarihi ya nuna cewa Musulmin farko sun yi ciniki da dinaren Rumawa da dirhamin Farisa masu hotuna har zuwa lokacin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 Hijiriyya, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu da ajiye su ba, malaminsa ne ya dace ya tambaya.

Bayan ka karanta gaba da baya, sai ka nemi sulen a kundi. Babban kundin kuɗin sarakuna shi ne wanda ake taƙaita sunansa RIC, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923, na Jamhuriya kuma aikin Michael Crawford ne na 1974. Ba lallai ka mallake su ba, domin shafin OCRE a intanet ya jera nau'o'in RIC kyauta tare da hotuna daga gidajen tarihi. Ka rubuta haruffan da ka iya karantawa, ka zaɓi azurfa, ka gwada hoton da naka har sai rubutun gaba da na baya da abin da siffar ta riƙe sun dace gaba ɗaya. Kusan dacewa ba dacewa ba ce.

Jabu

Rumawa bugu suke yi, ba zubi ba. Ana ɗora guntun azurfa tsakanin hatimi biyu a doka da masaba, shi ya sa sulen gaske yakan karkace kaɗan, gefensa yakan tsattsage, kuma a ƙarƙashin madubi za ka ga siraran layuka suna gudu daga haruffa zuwa baki, sawun ƙarfen da bugu ya tura. Na zubi kuwa haruffansa sun narke kamar sabulun da ya sha ruwa, jikinsa yana da ƙananan ramuka ko ƙuraje na kumfa, gefensa kuma yana da layin haɗuwar mazubi ko sawun zarton da aka goge layin da shi. Gefe shi ne wurin da ya kamata ka fara dubawa, kuma shi ne wurin da mai sayar da jabu ba ya son ɗauka a hoto.

An taɓa kawo mini sulalla uku, aka ce daga Libiya suka fito. Da na jera su a kan kyalle sai na ga karkacewarsu ɗaya ce, tsagewar gefensu a wuri ɗaya take, har gogewar kuncin sarkin iri ɗaya ce. Hatimi ɗaya yana iya buga sulalla dubbai, saboda haka zane iri ɗaya ba laifi ba ne, amma babu yadda bugun hannu da shekarun yawo a kasuwa za su bar tabo iri ɗaya a jikin uku. Daga uwa ɗaya aka zuba su.

Maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfe ne kawai, ba ya kama jan ƙarfe ko darma ko kuza, saboda haka tsallake shi ba shaidar gaskiya ba ce. Kada ka yarda a goga sulen a dutsen gwaji ko a ɗiga masa ruwan gwajin maƙera, domin wannan hanya ta dace da munduwa da za a narkar, amma a nan tabon da za ta bari ba ya gyaruwa. Kada kuma ka jefa shi ƙasa domin jin ƙara. Akwai jabun zamani da ake bugawa da sabon hatimi a kan azurfa ta gaske, waɗanda nauyi ba zai tona su ba, sai idon da ya saba da salon zanen kowane zamani. Maganin wannan shi ne yawan kallon na gaske, ɗaruruwa, kafin ka fitar da kuɗi. Akwai kuma jabu na tun zamanin Rumawa, jan ƙarfe da aka lulluɓe da fallen azurfa, wanda za ka gane idan fallen ya ɓare kore ko ja ya bayyana. Shi tsoho ne na gaske kuma yana da masu nemansa, muddin an sayar da shi da sunansa.

Saye da doka

Shawarata ita ce ka fara da masu araha waɗanda ba a cika wahalar yin jabunsu ba: denariyus na gidan Seberus, ko antoniniyanus na Gordiyan na Uku da Filib Balarabe da Desiyus. Ka guji denariyus ɗin Yuliyus Ƙaisar mai hoton giwa da denariyus ɗin Tiberiyus mai rubutun PONTIF MAXIM, wanda ake dangantawa da kuɗin harajin da aka ambata a Linjila, har sai idonka ya nuna, domin farin jininsu ya sa jabunsu ya cika duniya. Ya fi kyau ka zaɓi jigo ɗaya maimakon tsince-tsince. Mu da muke Afirka muna da jigo mai ma'ana a kusa: sulallan tafiye-tafiyen Hadriyan masu rubutun AFRICA da AEGYPTOS da NILVS, inda aka zana Afirka a matsayin mace mai hular kan giwa riƙe da kunama, ko sulallan da Filib ya buga a 248 domin cikar birnin Rum shekara dubu, masu zaki da barewa, da dorina a kan na matarsa.

Ka sayi daga dillalin da zai rubuta maka nauyi da faɗi da lambar kundi, ya kuma yi alkawari a rubuce cewa zai karɓi kayansa duk ranar da aka tabbatar jabu ne. A gwanjon ƙasashen waje ana ɗora wa mai saye la'adar da takan kai kusan kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikowa ga canjin naira, saboda haka ka haɗa lissafin duka kafin ka taya.

Ka tambayi asalin sulen, wato wa ya mallake shi a baya kuma yaushe ya bar ƙasar da aka same shi. Italiya da Girka da Turkiyya da Masar duk sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuma ita ce ma'aunin da ake bi. Yaƙoƙin Siriya da Libiya sun jawo haƙar sata mai yawa, kuma wanda ya sayi abin da aka sato ya ƙarfafa ɓarayin. Ko manyan masu kuɗi ba su tsira ba: sulen zinare na Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Yuliyus Ƙaisar, mai rubutun EID MAR, da aka sayar a Landan a 2020 kan fiye da fam miliyan uku, an mayar da shi Girka a 2023 bayan an gano takardun asalinsa na ƙarya ne. A gida kuma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, saboda haka ka adana rasidi da takardun shigowa. Idan kuwa kai ne ka ci karo da wani tsohon abu a ƙasa, ka bar shi inda yake ka sanar da hukumar ko masana kimiyyar tono kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, domin wurin da abu yake kwance rabin labarinsa ne.

Wanki da ajiya

Mun saba wanke azurfa da toka da lemon tsami har ta yi walƙiya, amma wannan al'ada ɓarna ce ga tsohon sule. Duhun da ke jikinsa, mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, shekaru ne suka yi shi, masu saye suna daraja shi, kuma ba ya dawowa yadda yake idan an kankare. Kada man goge baki ko kanwa ko tsamiya ko man goge ƙarfe su kusance shi. Idan ƙasa ce ta manne, ka jiƙa shi a tataccen ruwa na kwana ɗaya ko biyu, ka tabbata ba ruwan batir mai guba aka ba ka ba, ka share da burushi mai laushi sosai, ka bar shi ya bushe sarai.

Yanayin Zariya yana da gefe biyu, kuma kowanne da illarsa. Ƙurar hunturu tana karce fuska idan aka goge ta da kyalle a bushe, saboda haka hure ta ake yi da ɗan famfon iska. Laimar damina, musamman a watan Agusta, ita ce take tayar da koren tsatsa mai gari a jikin sulallan da jan ƙarfensu ya yi yawa, kuma idan ka ga irin wannan kore ka ware sulen daga 'yan'uwansa nan take. Ka ajiye kowanne a ambulan ɗinsa na takarda marar sinadari ko a gidan roba mai tauri, ba leda mai laushi ba, domin ita takan yi gumi mai danƙo da ke cin ƙarfe. Ka nisanta su da robar ɗaure kuɗi da hayaƙin turaren wuta da na girki, ka sa 'yan ƙunshin nan masu shan laima a cikin akwatin, kuma ka taƙaita yawan waɗanda suka san inda akwatin yake.

Kowane sule ya samu shafinsa a littafinka tun ranar da ya shigo hannunka. Ka rubuta sunan sarki, da rubutun gaba da na baya harafi da harafi kamar yadda kake ganinsu, kana sa alama a inda ya side maimakon ka cike da zato. Ka rubuta nauyi da faɗi, da yadda bayan yake fuskanta idan ka juya sulen ta gefe, ko a miƙe ko a kife, sannan lambar kundi da garin bugu da shekara, da wanda ka saya a wurinsa da farashi da kwanan wata. Ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe a hasken safe kusa da taga, ka liƙa kwafin rasidi a shafin, tsohuwar takardar dillali da ta zo tare da sulen kuma ka mayar da ita cikin ambulan ɗinsa ko da ta yage.